Cinyar Mai Kitso

A layinmu in ka ce Mai Kitso, mace ɗaya ake nufi, ko da yake akwai wasu masu taɓawa. Matar abokin aikina ce, mai walda, wanda muke kira Tartsatsi. Shi yake haɗa ƙofofi da tagogin ƙarfe, ni nake bi da fenti, kuma rumfa ɗaya muke zaune tun gemunmu yana baƙi. Gidansu na bayan rumfar, katanga ce kawai a tsakani. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin titi na tsince shi ba. Yawanci a gabana aka yi, sauran kuma su biyun ne suka gaya mini da bakinsu, suka ce in rubuta ko wani zai amfana. Karatuna bai yi nisa ba, sai a yi haƙuri da yadda zancen zai zo.

Wurin aikinta ƙaramar baranda ce. Akwai kujera 'yar tsugune, da tabarma, da wani tsohon gwangwanin madara da take zuba mataji da kibiyar tsaga da man shafawa. Mai son kitso za ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafunta, ta kwantar da kai a kan cinyarta. Iyakar kayan sana'ar ke nan. Amma a kan cinyar nan rabin matan layin suka girma. Yarinyar da ke tsala ihu a hannun wata, in aka kawo ta nan, kafin a kai tsakiyar kai ta yi barci har da dalalar da yawu. Manya kuma nan suke sauke abin da ke cikinsu, don wadda ta juya maka baya ba ta jin nauyin magana. Mai Kitso takan ce ita ba ta tambayar kowa komai, fatar kai ce ke gaya mata wadda aka ɓata wa rai a gida.

Bakinta kuwa ba a magana, ni kaina ban tsira ba. In na shiga ɗiban ruwa sai ta ce, "Mai Fenti, ka gyara ƙofar kowa a garin nan, rigarka kuwa kamar hawainiyar da ta rasa inda za ta tsaya." Matan su kwashe da dariya, ni in ɗebi ruwana in fita.

Mijinta ba haka yake ba. Sunan ne kawai Tartsatsi, mutumin sanyi gare shi, ga taka-tsantsan har ya so ya yi yawa. Yana da tabo a tafin hannun dama tun yana koyon aiki, ranar da ya ɗauki guntun ƙarfen da ya daina ja, yana zaton ya huce. Tun daga nan yake da magana ɗaya da duk wanda ya zauna a rumfarmu ya haddace: jan ƙarfe ba ya cin kowa don kowa na ganinsa, baƙin shi ne mugu. In zai kunna inji sai ya kafa fallen kwano ta gefen titi, kada hasken ya shiga idon masu wucewa. Ban taɓa ganin wanda ya ji ciwo a rumfarsa ba. Na faɗi wannan ne don a san ba mugun mutum ba ne, kuma ba sakarai ba ne.

'Yarsu ɗaya, Tilo, tana aure a layi na gaba. Tana da yarinya da ba ta wuce shekara huɗu ba, muna ce mata Mitsila, wadda kusan kullum a barandar kakarta take yini, tana miƙa mataji tana tsoma baki a zancen manya. Lokacin da abin ya faru Tilo na ɗauke da ciki na biyu.

Ciwon ya fara ne da jini, bayan Mai Kitso ta yi shekaru da daina al'ada. Ta ɓoye, har sai da Tilo ta gani a kayan wanki, ta tasa ta gaba zuwa asibiti. Aka yi gwaje-gwaje, aka ce cutar daji ce a bakin mahaifa. Likita ya ce ba a makara ba. Za a riƙa haska wurin da wani inji, abin da mutane ke ce wa gashi, kowace ranar aiki har tsawon makonni. Ya ja kunne sosai cewa ba a son tsallake rana in ba dole ba.

Ranar farko na raka su, don Tartsatsi ko warin asibiti ba ya so. Sashen yana can ƙasa, ana sauka matakala, sai dogon lungu da kujeru a jere. Wata ma'aikaciya ta kira Mai Kitso da Tilo cikin ofis don a yi musu bayani, ta ce maigidan ma ya shigo. Ya ce a'a, zancen mata ne, ga kuma 'yarsa a wurin, zai jira a waje. Kunya ce ta hana shi, kuma ni ma a ranar na ga kamar ya yi daidai.

Zaman jiran nan ne ya ba shi damar kallo. Ya tashi ya je bakin ƙofar ɗakin injin, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa kamar yadda yake yi wa ƙarfe a kasuwa. Ya dawo ya ce mini a hankali, "Wannan ba ƙarfe kaɗai ba ne, akwai darma a ciki." Ya auna kaurin bangon da ido. Ya ga hoton mace mai ciki a jikin ƙofar an ja masa jan layi. Da aka shigar da matarsa kuma ya ga ma'aikatan sun fito dukansu, sun rufe ƙofar, sun koma suna kallonta ta talabijin. Ba a daɗe ba ta fito tana ɗaura ɗankwali tana dariya.

"Wannan ne abin da ake ta tsorata ni da shi? Ai sauro ya fi shi cizo. Sun dai ɗiɗɗiga mini tawada a mara, sun ce kada in goge."

Shi bai yi dariya ba. Sai da muka zauna a rumfa ya ce, "Ka ga abin da na gani? Su da suka san abin, gudu suke yi. Bango kamar na kurkuku. Mai ciki ko ƙofar ba a so ta taɓa. To abin da aka zuba a jikin mutum, ina yake zuwa in ya fito daga ɗakin? Kuma a daidai ina ake zuba shi? A daidai inda 'ya'yan mutane ke ɗora kai."

Na ce ban sani ba, don ban sani ɗin ba.

Washegari ya yanke hukunci. Tilo ba za ta ƙara shiga gidan ba sai an gama magani jiki ya huce. Mitsila ma haka. Kitso kuma an tsaya. Ya kwashe tarkacen ƙarafan da ke ɗakin baya, ya share, ya wanke, ya kai gado, don ɗakin ne ya fi nisa da baranda da katangar maƙwabta. Sannan ya bi mazan layin ɗaya bayan ɗaya, ya ce su gaya wa iyalinsu su dakata da zuwa, ba don ƙyama ba, don kariya.

Tilo ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka. "Baba, wallahi ba su faɗi haka a asibiti ba."

"Kin tambaye su?"

"Ban tambaya ba, amma ai da sun faɗa."

"Mutum nawa kika gani a layi? Suna da lokacin faɗa wa kowa komai? Ni na yi shekaru ina wasa da wuta, Tilo. Ki bari in yi kuskure ta wajen tsoro."

Mijin Tilo ya goyi bayan surukinsa, saboda cikin. Ita kanta Mai Kitso ta leƙo ta taga ta ce, "Tafi gida, 'yar nan. In dai don abin da ke cikinki ne, ko a rami aka ce in zauna zan zauna." Daga ranar Tartsatsi ne kaɗai ke kai ta asibiti yana dawo da ita.

Shi dai bai guje ta ba. Ya ce shi ya tsufa, abin da zai same shi ya same shi. Shi yake dafa mata, shi yake wanke mata zannuwa a bayan gida, mutumin da ban taɓa ganin ya wanke ko hularsa ba.

Makon farko lafiya lau. Daga na biyu zuwa na uku ne maganin ya fara nuna halinsa. Zawo ya sa ta gaba, ta shiga banɗaki ta fito, kafin ta kai gado ta sake juyawa. Fitsari ya koma kamar an jiƙa barkono, ga shi kaɗan kaɗan, ga shi ba ya jira. Fatar matsematsinta ta yi duhu, ta fara saɓulewa tana tsattsafo da ruwa, har ba ta iya sa komai mai matsewa, tafiya ma sai ta ware ƙafa. Ga gajiyar da barci ba ya maganinta. Ta ce mini ji take kamar an zare mata laka an rataye a ƙusa. Abinci kuma ko ƙamshinsa ba ta so.

A asibiti sun ce duk wannan an san da shi. Suka ba ta maganin zawo da na shafawa, suka ce ta yawaita shan ruwa, ta wanke wurin da ruwa mai ɗumi ba tare da dirzawa ba, ta bar iska na shiga. Amma shi Tartsatsi kowane ɗaya hujja ya zama masa. Yakan ce mini, "Ka gani ko? Fata ta ƙone daga waje. To ina ga ciki?"

Ta jure zawon, ta jure zafin. Shirun ne ya fi ƙarfinta. Gidan da ba ya rabo da hayaniyar mata ya koma sai kukan injinmu ta bayan katanga. In na shiga gaishe ta, daga bakin ƙofa nake tsayawa kamar yadda aka tsara, ita kuma ta daina tsokanar rigata. Da waya suke magana da Mitsila. Na taɓa ji yarinyar na cewa, "Kaka, wata mata ta yi mini kitso, ta ja mini kai kamar za ta cire. Yaushe za ki huce?" Haka aka gaya mata, cewa kakarta ta yi zafi, sai ta huce.

Wata rana da hantsi mun tafi kafa ƙofa a wani gini. Tilo za ta awon ciki, ta bar Mitsila a gidan maƙwabta. Yarinyar ta faki ido ta sulale, ta tura ƙofar gidan kakanninta, ta wuce kai tsaye ɗakin baya. Mai Kitso ta gaya mini daga baya cewa ta ce mata, "Tsaya nan, ƙawata, kada ki matso." Yarinyar ta ce, "Ni ban ga hayaƙi ba," ta haye cinyarta. Ta ce ta ɗaga hannu za ta ture ta, hannun ya sauka a kan kitson, ta ji yadda aka ɗaure shi tamau har fatar goshi ta yi ƙuraje. Ba ta san lokacin da ta fara tsefewa ba. Ta yi mata sabo, yarinyar ta yi barci a wurin, ita kuma ta kasa tashinta. Sai da rana ta karkata ta sallame ta.

Kitson ne ya tona asiri, don hannunta ba ya ɓuya. Muna dawowa muka ga Mitsila na wasa a bakin titi, Tartsatsi ya kalli kanta sau ɗaya ya shige gida. Bai ɗaga murya ba. Ta katanga na ji ya ce, "Kin kyauta ke nan?" Ban ji amsarta ba.

Bayan kwana biyu Mitsila ta kwanta da zazzaɓi mai zafi da amai, har aka ba ta gado a ƙaramin asibitin unguwa. Da labarin ya iso, Mai Kitso ta juya fuska bango. Da safe Tartsatsi ya kira mai mota kamar kullum, ta ce ba inda za ta.

Ya zo ya kira ni ko za ta ji nauyina. Na same ta zaune a bakin gado, ta rame, idanu sun faɗa.

Na ce, "Haba Mai Kitso, likita fa ya ce ba a tsallakewa."

Ta ce, "Mai Fenti, na ƙona jikata da hannuna. An hana ni, na ƙi ji. Ba za a ƙara zuba mini wutar nan ba, wadda ke ciki ta isa."

Tartsatsi ya ce, "Ciwon fa? In kika bari zai cinye ki."

"Ya cinye. Ba kai ka ce ƙarfe in an daina hura masa wuta yana hucewa ba? To a bar ni in huce. In rungumi yarinyar nan in roƙe ta gafara, in riƙe abin da Tilo za ta haifa ko sau ɗaya ne. Ya fi mini in warke a ɗakin baya."

Maganarsa ce aka miƙo masa.

Haka aka shafe fiye da mako ba ta je ba. Daga asibiti suka yi ta kiran wayarsa, yana ce musu jikin ne ba ƙarfi, za su zo. Mitsila ta warke, aka ce ciwon maƙogwaro ne da ke yawo cikin yaran unguwa, har 'ya'yan wasu da ba su taɓa zuwa kusa da gidan ba sun yi. Aka gaya wa Mai Kitso, ta ce lallashinta ake yi. Ta daina shan maganin zawon ma, ta ce duk tafiyarsu ɗaya. Shi kuma aiki ya gagare shi. Sai ya riƙe abin walda ya zauna yana kallon ƙasa, har in ce masa inji fa yana ci.

Wata safiya jiri ya kwashe ta a ƙofar banɗaki. Muka ɗauke ta zuwa asibiti, tana cewa ƙarin ruwa kawai ta yarda da shi, kada a kai ta ƙasa. Aka kwantar da ita a ɗakin mata aka sa mata ruwa. Ba a jima ba sai ga wata ma'aikaciya daga sashen injin, doguwa, wadda marasa lafiya ke kira Sista Doguwa. Ashe ita ce mai kiran wayar.

Ta ce, "Mama, kin gudu kin bar mu. Me muka yi miki? In zawon ne ko fatar, ai da kin faɗa, akwai abin da za mu ƙara."

Sai Tartsatsi ya gyara murya ya yi bayani tun daga farko, da ɗakin baya, da hana Tilo shiga, da dakatar da kitso, da abin da ya sami yarinya. Yana faɗa ne a tsanake kamar mai ba da rahoton aikin da ya yi da kyau, sai dai an sami kuskure a wuri ɗaya. Sista Doguwa ta saurara har ya gama. Ta ce ya maimaita tun yaushe. Ya maimaita.

Ta ce, "Baba, wace sana'a kake yi?"

"Walda."

"In ka yini kana walda da hannun riga a naɗe, me ke samun hannunka?"

"Yakan yi ja, ya yi raɗaɗi. Bayan kwana biyu ya saɓule."

"To in ka ɗauki jikarka da hannun nan, ita ma tana saɓulewa?"

Ya ce, "A'a."

"Hasken yana bin ka gida a cikin riga?"

Ya girgiza kai.

Ta ce, "Namu ma haske ne, Baba, ba garwashi ba ne. In aka kashe inji ya tafi. Abin da kake gani a fatarta da cikinta sawunsa ne, ba shi ba ne. Mu muna fita ne don ita na 'yan mintoci take sha a wurin ciwo, mu kuwa da mun tsaya da mun sha na kowa, kullum, shekara da shekaru. Ko wanda za a sa mata ta ciki nan gaba, sai mun cire shi kafin ta sauko daga gado. Ba abin da take kai wa gida."

Mai Kitso ta ce, "'Yar nan, faɗa kawai kike don in koma."

Sista Doguwa ba ta yi gardama ba. Ta jawo wata gajeriyar kujera kusa da gadon, ta cire hular aikinta, ta zauna, ta kwantar da kai a kan cinyar Mai Kitso. Ta ce, "Ina da jariri a gida yana shan nono. Duba mini nan ta ƙeya, tun jiya yake damuna."

Hannun Mai Kitso ya tsaya a sama, ga robar ƙarin ruwa na lilo. Can ya sauka. Ta laluba, ta ɗaga wani layin kitso, ta karkata kai ta duba.

"Wace mara imanin ce ta yi miki wannan aika-aikar?"

Matan da ke sauran gadajen suka fashe da dariya. Ita ma ta fara dariyar, sai ta juye kuka, ta riƙe kan matar da hannu biyu. Da na waiga ban ga Tartsatsi ba. A lungu na same shi ya haɗa goshi da bango. Na tsaya kusa da shi. Ya ce, "Ranar farko ƙofar ofis ɗin nan a buɗe take. Har kirana aka yi."

Da likita ya zo, bai yi faɗa ba, amma bai ɓoye komai ba. Ya ce ciwon ba ya hutawa a ranakun da aka huta, shi ya sa ake son a jera. Za su sake tsari su cike abin da za a iya cikewa. Tartsatsi ya ce, "Likita, ranakun da aka rasa, me suka ɓata?" Ya ce ba wanda zai iya aunawa, wataƙila ba komai, wataƙila wani abu, lokaci ne zai nuna.

Mai Kitso ta ce za ta koma, gobe ma in an shirya, amma tana da sharaɗi. Ta kalli mijinta.

"Bakin da ya kore su, shi zai dawo da su. Kuma ba ta wajen mazansu ba. Ka tsaya a ƙofar kowace mace ka gaya mata da kanka. Kada ka ce an ce. Ka ce ni ne na faɗa, kuma ba haka ba ne."

Ga mutumin da ko gaisuwa da matan mutane kansa a ƙasa yake yi, wannan ba ƙaramin hukunci ba ne. Ya ce ya ji. Washegari ta shiga ɗakin injin. Da suka dawo ya mayar da gadonta ɗakinsu, ya aika aka kira Tilo da Mitsila, sannan da yamma ya sa riga mai tsabta ya ce in raka shi. Gida gida muka bi, kwana da kwanaki. Wasu suka ce ba komai, wasu suka saurara ta bayan labule. Wata tsohuwa mai kanti a bakin layi ta bari ya gama tsaf, sannan ta ce, "To Tartsatsi, da ka ce akwai wuta mun yarda da kai, yanzu ka ce babu. Wanne Tartsatsin za mu bi?" Ya ce, "Na yau, Goggo. Na jiya bai tambaya ba." Ta ce za ta yi tunani. Har yau tunanin take yi, kuma ba ita kaɗai ba. Da yawa sun dawo, amma akwai waɗanda suka canja hannu ke nan, akwai ma masu janye 'ya'yansu in ta wuce.

Ta ƙarasa maganin, har da na cikin. Makonnin ƙarshe sun fi na farko wuya, sai dai a baranda ta yi su, kwance a tabarma, Tilo na yi mata fifita, Mitsila na ba ta labarin da ba shi da kai. Fatar ta warke ta bar duhu. Cikin bai koma daidai ba har yanzu, akwai abincin da ba ta isa ta taɓa ba, kuma duk inda za ta sai ta fara tambayar inda banɗaki yake. Ƙafarta ta hagu takan kumbura in ta daɗe a zaune, saboda haka kai ɗaya ko biyu take yi a yini, da matashi a kan cinya. Tilo ta sauka lafiya, namiji.

Ana duba ta a asibiti lokaci lokaci. Zuwa yanzu ba a ga komai ba, amma likita bai ce an gama ba, ya ce sai an yi shekaru ana kallo. Duk zuwa Tartsatsi ne ke fara shiga ofis, ya zauna a kujerar gaba, kuma ba ya fita sai ya sake tambayar ranakun nan. Amsar ba ta canja ba.

Kwanakin baya na shiga gidan da yamma na same su a baranda, ashe ana gobe za su koma dubawa. Ya sake roƙonta gafara, abin da ya zame masa kamar wuridi.

Ta ce, "Na gaya maka na yafe ɗakin baya, na yafe matan da suka gudu. Ranakun nan kuwa ba naka ba ne. Ni na ƙi zuwa. Har mota ka kira."

"Ni na ba ki dalili."

"Ni kuma ba ni da baki? Kullum ina kwance a gaban matan nan, suna taɓa ni suna juya ni da hannunsu. Me ya hana ni tambaya?"

"Don kin yarda da ni ne."

"To yardar tawa ce ko taka? Mutum ko laifinsa ba za a bar masa ba a gidan nan? Mai Fenti, zo ka raba mu."

Na ce ni ruwa na zo ɗiba. Ta buɗe baki za ta ba ni amsa, sai ta yamutsa fuska ta dafe mara, ta miƙa masa hannu. Ya tashi da sauri ya kama gwiwar hannunta ya ɗaga ta. Suka nufi banɗaki a hankali, tana jan ƙafar hagu, ina jin shi yana cewa ai da ya shiga ofis ɗin tun ranar farko, ita kuma tana cewa ya yi mata shiru ya buɗe ƙofa.